Shagon kwamfutar da kansilolin garinmu suka mayar ɗakin bincike

Shagon yana bakin titin da ya ratsa hedikwatar ƙaramar hukumarmu, tsakanin mai sayar da taki da wani mai cajin waya, kuma wanda ya wuce a mota ba zai ga abin da ya bambanta shi da sauran shagunan buga takardu ba. Kwamfuta biyu ce a ciki, da firinta guda, da injin fotokwafi wanda sai an lallaɓa shi kafin ya saki takarda, da benci biyu, sai faifan sola a kan kwano. Asalin sana'ar mai shagon ita ce cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa, da buga katin gayyatar ɗaurin aure, da rubuta wa masu neman aiki takarda. Amma ba wannan ɓangaren zan auna ba. Abin da zan auna shi ne aikin da ya ƙara daga baya, wato nemo wa kansiloli da masu taimaka wa ɗan majalisar jiha bayanan da suke bukata, ya karanta, ya taƙaita, ya kuma fassara musu da Hausa. Na yi fiye da shekara guda ina ba shi irin wannan aiki da kuɗin aljihuna, saboda haka ina ganin na isa in faɗi inda ya gamsar da ni da inda ya bar ni da takaici.

Ni malamin firamare ne kafin mutanen mazaɓarmu su tura ni majalisar kansiloli. Kafin in shiga, na ɗauka babbar matsalar wakili ita ce rashin jin halin da jama'a suke ciki, sai na tarar abin ba haka yake ba ko kusa. Tun daga sallar asuba ake sallama a ƙofar gidana, kuma kafin hantsi na ji labarin famfon da ya lalace, da gadar da ruwa ya cinye, da malamin asibitin da bai zo ba, da shanun da suka shiga gonar wane. Magana ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne takarda, wato abin da mutum zai riƙe a hannu ya miƙe a zauren majalisa ya ce ga adadin kuɗin da aka ware, ga shekarar, ga hukumar da aikin yake wuyanta. Wanda ya miƙe da "an ce" kaɗai, da murmushi ake zaunar da shi.

Manyan majalisun duniya sun daɗe da gane wannan. A Amurka tun 1914 aka kafa wa majalisar dokoki sashen bincike a cikin babban ɗakin karatunta, inda ɗan majalisa zai aika tambaya ƙwararru su haɗa masa amsa ba tare da duba jam'iyyarsa ba. Majalisar wakilan Birtaniya tana da nata ɗakin karatun tun 1818. Ko a nan gida, sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 suna da cibiyar nazarin harkokin majalisa da dimokuraɗiyya a Abuja, ga kuma mataimakan da gwamnati take biya. Idan aka gangaro jiha abin yana raguwa, idan kuma aka iso kan kansila sai ya ƙafe ƙaf. Jiharmu Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 da mazaɓun kansila 287, kuma akasarinmu abin da muka dogara da shi shi ne rediyo, da saƙonnin WhatsApp waɗanda ba a san mafarinsu ba, da abin da ma'aikatan sakatariya suka ga dama suka faɗa mana. Su kuwa ma'aikatan nan su ne waɗanda aka ce mu sa wa ido.

Abin da ya fara kai ni shagon shi ne wani ginin aji biyu da aka tayar a ɗaya daga cikin ƙauyukan mazaɓata, aka kai shi linta, aka tafi aka bar shi damina biyu. Iska ta daɗe da ɗauke allon kwangilar. Kowa a ƙauyen ciyaman yake zagi, ni ma kuma na shirya ƙudurin da zan gabatar in nemi a kira shugaban sashen ayyuka ya yi bayani. Na je ne kawai a buga mini ƙudurin. Mai shagon, wanda sa'an ɗana ne kuma ya yi karatun difloma, ya karanta rubutuna har ƙarshe, sannan ya ɗago ya ce, "Baba Kansila, ka tabbata aikin nan na ƙaramar hukuma ne?" Na ce masa ai kowa ya sani. Ya ce in ba shi zuwa la'asar.

Da na dawo sai na tarar ya sauke kasafin kuɗin jiha na shekaru uku da na tarayya, kowanne shafuka ɗaruruwa, yana neman sunan ƙauyen a ciki. Abin da ya fara burge ni shi ne bai tsaya a rubutu ɗaya ba. Sunan ƙauyen yana da harafi mai lanƙwasa, masu buga takardun gwamnati kuwa ba ruwansu da lanƙwasa, wani lokaci ma sukan raba suna biyu ko su haɗe shi. Ya gwada rubutu iri huɗu, a na ukun ya same shi, kuma ba a kasafin jiha ba, a na tarayya, cikin jerin ayyukan mazaɓu da 'yan majalisar tarayya suke sakawa, an rataya shi a wuyan wata hukumar da ofishinta ma ba a jiharmu yake ba. Ya buga mini shafin, ya ja layi a ƙarƙashin aikin, ya rubuta shekarar da lambar shafin da biro a gefe. Da na gabatar da ƙudurina yadda na tsara shi da fari, da na ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba a bainar jama'a, da kuma an yi mini dariyar da zan daɗe ina jin ta. A maimakon haka sai muka rubuta wa ofishin ɗan majalisar tarayya takarda, muka maƙala shafin a bayanta.

Wannan ɗabi'a ta rubuta shekara da shafi ita ce babbar darajar shagon a wurina, kuma ita ce dalilin da ya sa nake komawa. Bai taɓa ba ni adadi ba tare da ya nuna mini inda ya ɗauko shi ba. Daga baya na roƙe shi ya haɗa mini takarda guda a kan abin da yake aikin ƙaramar hukuma da abin da ba nata ba, sai ya ɗauko jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya mayar da shi Hausa: kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da ba da lasisin keke da amalanke da kwalekwale, sannan haɗa hannu da jiha a kan ilimin firamare da lafiya da noma. Maganar kwalekwale ta tsaya mini a rai, domin a yankinmu na bakin kogin Haɗeja jirgin fito ne motar mutane da damina, kuma ban taɓa sanin cewa dokar ƙasa ta ɗora mana alhakin lasisinsa ba. Takardar nan tana aljihun rigata har yau, ta yi laushi saboda yawan ninkewa.

Shi ne kuma ya koya mini karatun kasafin kuɗi, abin da ba a koya mana ba a bitar kwana biyun da aka yi mana bayan rantsuwa. Ya nuna mini cewa kuɗin da aka ware daban, wanda aka saki daban, wanda aka kashe kuma daban, kuma mai cewa "an ware miliyan kaza" bai faɗi komai ba tukuna. Gwamnatin jiha tana wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku, shi kuma yakan ajiye shi gefe da gefe da ainihin kasafin domin a ga tazarar da ke tsakani. Haka yake yi da kason wata-wata. Daga kuɗin da ake rabawa a asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da abin da ya faɗo wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta. Duk lokacin da rahoton ya fito yakan rubuta namu a ɗan kati. Sai dai yana da taka-tsantsan a nan, kuma na yaba masa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, amma da wani abokin aikina ya matsa masa ya faɗi nawa ya shigo hannun ciyaman, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ni abin da aka rubuta a Abuja na gani. Abin da ya shigo sai dai ka tambayi ma'aji."

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi jawo masa kansiloli. Duk takardun nan da Turanci suke, kuma Turancin akanta da lauya, wanda ko mai digiri sai ya yi ta maimaitawa. Sashe na 97 ya ce da Turanci ake gudanar da majalisar jiha, ko da yake ya ba ta damar ƙara wani harshen da ake yi a jihar idan ta amince, mu kuwa a matakinmu da Hausa muke muhawara, takardar da ake muhawarar a kanta ce kawai ba ta jin Hausa. A cikinmu akwai dattijon da ya haddace Alƙur'ani, yana rubuta ajami kamar zane, yana kuma da kaifin lissafin da ya fi na kowa a zauren, amma boko bai zauna masa ba. Mai shagon yakan karanta masa taƙaitaccen bayani a saƙon murya na minti uku ko huɗu ya tura masa ta waya, shi kuma ya saurara ya rubuta adadin a takardarsa. Na ga ranar da dattijon nan ya tsayar da wani jami'i a kan bambancin adadi biyu, jami'in ya yi ta juya fayil yana gyaran murya. Fassarar bakinsa ta fi ta rubutunsa kyau nesa ba kusa ba. Idan yana magana Hausa yake yi, amma idan ya zauna rubutawa sai ya riƙa bin jimlar Turanci sawu da ƙafa, har mutum ya karanta sakin layi sau biyu bai kama kansa ba. Na sha mayar masa da takarda in ce, "Ɗana, faɗa mini da baki tukuna, sannan ka rubuta abin da ka faɗa."

A kan ambaliya ma ya yi mana amfani, ko da yake a nan aikinsa bai wuce isar da saƙo da wuri ba. Kowace shekara kafin damina hukumar hasashen yanayi da hukumar kula da ruwa ta ƙasa suna fitar da hasashensu, na biyun har da jerin ƙananan hukumomin da suke cikin haɗari. Mu da muka ga abin da ruwa ya yi a 2020 da 2022 daga Ringim zuwa Auyo da Kafin Hausa har Guri ba ma bukatar a gaya mana cewa kogi yana cika, kuma kowane manomi ya san yadda ciyawar kacala take toshe hanyar ruwa da yadda ake zura ido idan madatsun ruwan Tiga da Challawa suka tumbatsa. Amfanin takardar shi ne ta ba mu hujjar neman a sayi buhuna a ɗaga jinga tun watan Mayu, maimakon a jira sai ruwa ya shigo gari a fara rabon tabarma.

Yanzu sai inda ya kasa, kuma ba zan rage masa komai ba. Akwai ranar da ya ba ni adadin kuɗin gyaran wani ƙaramin asibiti, na miƙe da shi a gaban jama'a a taron masu ruwa da tsaki, sai wani jami'i ya ce adadin nan ba ya cikin kasafin da aka sa wa hannu. Gaskiyarsa ce. Abin da mai shagon ya sauke daftarin da aka kai majalisa ne, kafin 'yan majalisa su yi masa ƙari da ragi, kuma fayilolin biyu kusan suna ɗaya suke da shi. Na koma shagon raina a ɓace. Bai yi gardama ba, ya nemo na gaskiyar, ya buga mini kyauta, tun daga ranar kuma yake rubuta "daftari" ko "wanda aka amince" a saman kowane shafi. Na karɓi uzurinsa, amma kunyar ni na sha ta, kuma a siyasar ƙauye kuskure ɗaya irin wannan yakan bi mutum har zaɓe na gaba.

Aibi na biyu ya fi wannan girma, domin har yau bai gyaru ba. Shagon ba shi da sirri. Fuskar kwamfutar tana kallon ƙofa, bencin kuma kullum cike yake da 'yan makaranta da masu jiran fotokwafi da waɗanda zafin rana kawai ya koro. Na taɓa tambayarsa a nemo mini ƙa'idar bayar da kwangila, kafin in isa gida an riga an kai wa ciyaman labari cewa ina shirin tona masa asiri, alhali ni karatu kawai nake son yi. Ban zargi mai shagon da kai maganar ba, domin na ga yadda yake yi wa kansilolin kowane ɓangare aiki ba tare da ya faɗa wa wani abin da wani ya tambaya ba. Amma sashen binciken da ya amsa sunansa dole ne ya iya rufe tambayar mai tambaya, shi kuwa ko labule babu. Yanzu idan abin mai nauyi ne sai in bari sai bayan isha'i, ko in kira shi a waya.

Akwai kuma iyakar da ba laifinsa ba ce, amma wajibi ne mai zuwa ya san da ita. Abin da yake kan intanet kaɗai yake iya kawowa. Kasafin tarayya da na jiha suna nan, amma takardun da suka fi kusa da mu, irin su kuɗin shigar kasuwa, da jerin ma'aikatan wucin gadi, da takardun biyan 'yan kwangila, suna cikin kabad a sakatariya. Abin da yake iya yi shi ne ya tsara wa mutum wasiƙar neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ta hau kan jihohi ma. Wasiƙar tana fitowa tsaf. Amsar ce ba a hannunsa take ba, kuma ni kaina na kai guda biyu wani ofishi, ɗaya aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, ɗaya kuma aka ce a dawo. Haka nan duk wani adadin jama'a da zai ba ka ƙiyasi ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, lokacin da yawancin matasan da suka zaɓe ni suna goye ko suna rarrafe. Idan ina son sanin yawan yaran da suka isa shiga aji ɗaya a ƙauye, mai unguwa da hedimasta da masu rigakafin shan inna sun fi kwamfutarsa sani, shi ma kuma yakan faɗi haka da bakinsa.

Ta fuskar kuɗi ba shi da tsada, amma ba shi da tsari. Buga shafi yana da farashinsa sananne kamar kowane shago, sai dai aikin binciken ba shi da ƙayyadadden kuɗi. Yakan ce "a ba da abin da ya sawwaƙa," wanda hakan yake sa mai kunya ya biya fiye da ƙima, marar kunya kuma ya tafi da "Allah ya yi albarka." Na ba shi shawara ya rubuta farashi ya manna a bango, na aikin awa guda daban, na yini daban, da kuɗin data a kai, domin aikin da ba a biya yadda ya kamata ba ba ya daɗewa. Lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a kuwa kada kansila ya sa rai da shi, saboda ɗalibai sun fi mu kawo ciniki, kuma aikin yini ɗaya yakan kai kwana huɗu. Ranar da hadari ya rufe rana batirin solar ba ya kai magariba, sabis ɗin waya ma yana da ranakun da yake ɗaukewa, babban fayil ya tsaya a rabi. Ba ya kuma ajiye ayyukan da ya yi a tsare. Na nemi wata takardar da ya haɗa mini wata shida baya, sai da ya sake ta daga farko.

Duk da haka ina ba kowane kansila da kowane mai taimaka wa ɗan majalisa a yankinmu shawarar ya gwada shi, da sharaɗi uku da na koya da kaina. Ya je da tambaya guda ƙwaƙƙwara, ba "nemo mini komai a kan asibiti" ba. Ya ba shi aƙalla kwana uku kafin ranar zama. Ya kuma nemi a buga masa ainihin shafin da aka ɗauko adadin, ba taƙaitawar kaɗai ba, ya duba saman shafin da idonsa ya ga ko daftari ne. Mu huɗu a majalisarmu mun fara haɗa kuɗi duk wata muna ba shi, a kan ya riƙa ajiye mana katin kason wata da rahoton wata uku a fayil guda mai sunan majalisa, ya kuma juya kwamfuta ɗaya ta kalli bango. Fayil ɗin ya saya, yana nan a saman kabad ɗinsa da takardu bakwai a ciki. Juya kwamfutar ne ya ce sai ya sami mai ƙara masa tsawon waya.